Gwajin hanta ya fito daidai, ke nan babu ciwon hanta?

An daɗe ana cewa idan aka ɗebi jini aka yi gwajin aikin hanta, sakamako ya fito daidai, to mutum ba shi da ciwon hanta. Sunan gwajin ne ke sa a ɗauka ya duba komai.

Gwajin yana auna ALT da AST, sinadaran da ke zubowa cikin jini idan hanta tana samun rauni. Yana auna bilirubin, wanda ke sa idanu su yi rawaya idan ya taru, da albumin da hanta ke samarwa. Babu ɗaya a cikinsu da ke neman ƙwayar cuta. Mutum na iya ɗauke da ƙwayar hepatitis B, mai kawo ciwon hanta, shekara da shekaru, ALT ɗinsa bai tashi ba. Hanta tana da haƙuri, wani lokaci har ta yi tabo lambobin sakamakon gwajin ba su nuna ba, kuma wannan ne ya fi damuna.

Tashin lamba ma ba kullum ne daga hanta ba. Akwai AST a tsoka da zuciya, aikin ƙarfi kaɗai na iya ɗaga shi.

Ku ɗauko takardar sakamakonku ku karanta sunayen gwaje-gwajen. Na hepatitis B shi ne HBsAg, na hepatitis C kuma anti-HCV. Idan ba su a takardar, ba a duba ba, sai ku nemi likita ya rubuta muku. Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.