Hawan Igiyar Ruwa a Busuwa

Busuwa ƙauyen masunta ne a gundumar Ahanta ta Yamma, cikin Yankin Yammacin Ghana, kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi. Gaɓarsa na cikin wuraren da aka fi sani da hawan igiyar ruwa a ƙasar, wato wasan da mutum ke tsayawa a kan allo raƙumin ruwa ya tafi da shi, musamman ga masu koyo, domin raƙuman ruwan suna karyewa ne a kan yashi. Wanda ya faɗo daga allo ba dutse zai tarar ba.

Raƙuman ruwan da ke isowa Busuwa daga nesa suke tasowa, daga guguwar kudancin Tekun Atalantika. Shi ya sa suka fi girma daga Afrilu zuwa Oktoba, lokacin sanyin can kudu. Daga Disamba zuwa Fabrairu suna ƙanƙancewa, amma iskar hunturu da ke busowa daga Sahara takan tare fuskarsu ta gyara ta, su tashi sumul. Sassafe ya fi dacewa da hawa, kafin iskar teku ta taso ta dagula ruwan. Ruwan na da ɗumi kusan duk shekara, sai daga Yuli zuwa Satumba yakan ɗan yi sanyi.

Yashin nan da ke sa wurin sauƙi shi ne kuma tushen babban haɗarinsa. Tudun yashi na ƙarƙashin ruwa ba ya zama wuri ɗaya, kuma ruwan da raƙuma suka turo gaɓa yakan nemi giɓi a tsakanin tuddan ya koma teku da ƙarfi. Wannan magudanar ita ke jan mutum. Abin tsoron shi ne ta fi ko'ina kama da wurin lafiya: ruwanta ya fi duhu, raƙuma ba sa karyewa a kanta, sai baƙo ya zaɓi nan ya shiga. Wanda ta ja kada ya saki allonsa, kada kuma ya yi kokawa da ita yana neman gaɓa kai tsaye, don gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya yi iyo a gicciye, bin tsawon gaɓa, har ya fita daga cikinta.

Akwai kuma kwale-kwalen masunta da igiyoyin tarunsu, waɗanda ya kamata a ba su hanya. A gefen da ke fuskantar garin Dikskob (Dixcove) mai maƙwabtaka da Busuwa kuwa duwatsu ne da bushiyar teku mai ƙaya, wurin ƙwararru ne kawai.