Tseren Valencia na 2015: amsoshin tambayoyin da aka ƙi daina yi

Duk ranar da aka ɗaga zancen Rossi da Marquez, tambayoyin nan dai su ake dawo da su, kuma yawancin masu tambayar sun gama yanke hukunci tun kafin su buɗe baki. Ga amsoshin a wuri guda, don Allah a karanta kafin a sake aiko min.

Wa ya ci tseren?

Jorge Lorenzo. Marc Marquez na biyu, Dani Pedrosa na uku, Valentino Rossi na huɗu. An yi shi ranar 8 ga Nuwamba 2015 a filin Ricardo Tormo da ke Cheste kusa da Valencia, zagaye 30, kuma shi ne tseren ƙarshe na MotoGP, babban ajin gasar tseren babura ta duniya, a shekarar. Tun tashi har tuta ba wanda ya shiga gaban Lorenzo.

Ai Rossi ne ke kan gaba a maki, yaya aka yi kambun ya kuɓuce masa?

Lissafin firamare ne. Ya zo da maki 312, Lorenzo yana da 305. Na ɗaya yana samun 25, na huɗu 13. Lorenzo 330, Rossi 325.

Me ya sa aka tayar da Rossi daga can baya?

Saboda abin da ya faru a Sepang ta Malesiya makonni biyu kafin nan. Tun ranar Alhamis, a gaban 'yan jarida, Rossi ya zargi Marquez da cewa ya yi masa wasa da hankali a tseren Ostireliya don ya taimaki Lorenzo. Ranar Lahadi suka haɗu a fili, suka yi ta wuce juna kamar za su kashe kansu. A zagaye na bakwai, a kwana ta 14, Rossi ya rage gudu, ya matse Marquez zuwa gefe yana waiwayensa, baburan suka gogu, Marquez ya faɗi. Alƙalai suka ba Rossi makin laifi uku. Dama yana ɗauke da ɗaya tun tseren Misano na Italiya, kuma a dokar lokacin duk wanda ya tara huɗu daga sahun ƙarshe zai tashi a tsere na gaba. Ya kai ƙara kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne a dakatar da hukuncin, kotu ta ƙi.

To ya shure shi ko bai shure shi ba?

Ba a kan shuri aka hukunta shi ba. Shugaban alƙalan tseren, Mike Webb, ya ce hotunan ba su tabbatar da shuri ba. Laifin da aka kama shi da shi shi ne tura abokin tsere waje da gangan, kuma wannan kam ko makaho ya gani. Rossi ya ce ƙafarsa zamewa ta yi bayan sun gogu, Honda, ƙungiyar Marquez, ta ce shuri ne. Ku daina turo min bidiyon da aka rage wa gudu, kowane ɓangare yana da nasa.

Da Marquez ya wuce Lorenzo a Valencia, ai da Rossi ya ɗauki kambu, ko?

Nan ne ake yawan yin kuskure, kuma nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi a tsanake. Amsar ita ce a'a, Marquez shi kaɗai ba zai isa ba. Da Lorenzo ya ƙare na biyu, maki 20 zai samu, ya zama 325. Rossi a na huɗu shi ma 325. Idan aka yi kunnen doki sai a duba wanda ya fi yawan nasara, kuma ko ba Valencia Lorenzo yana da shida, Rossi huɗu. Kambun dai Lorenzo zai koma. Abin da Rossi yake buƙata shi ne baburan Honda biyun duka, na Marquez da na Pedrosa, su wuce Lorenzo, ya faɗo na uku ya tsaya a 321.

To shin hakan zai yiwu? Wataƙila, kuma a nan ne masu zargin Marquez suke da abin riƙewa. Ya bi bayan Lorenzo manne kusan duk tseren, ya ƙare da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na daƙiƙa ba, amma ko sau ɗaya bai gwada kutsawa ba. Mutumin da aka san shi da cusa babur inda ko allura ba ta shiga. Sannan da Pedrosa ya taso daga baya a zagayen ƙarshe-ƙarshe ya wuce shi, nan take Marquez ya rama, wannan ɗan kokawar kuma ta ba Lorenzo sarari. Wato da abokin ƙungiyarsa ya yi faɗa, da Lorenzo bai yi ba. Abin da ya sa Rossi ya kira shi dogarin Lorenzo ke nan.

Amma a saurari ɗaya gefen. Valencia fili ne matsattse, kilomita huɗu kacal, kwana bayan kwana, wuce mutum a cikinsa ba wasa ba ne, balle Lorenzo da idan ya samu gaba ba ya kuskure. A ranar Asabar, wajen gwajin neman sahun tashi, ya kafa sabon tarihin gudu a filin. Marquez ya ce tayarsa ta gaba tana ba shi wahala, yana ajiye harin ne sai zagayen ƙarshe, zuwan Pedrosa ya ɓata shirin. Ya taɓa yin haka kuwa: a Ostireliya a zagayen ƙarshe ya wuce Lorenzo, ya rage masa maki biyar. Wanda ke neman taimakon Lorenzo ba zai yi wannan ba. Akwai kuma abin da ba a son faɗa: bayan ɓarnar Sepang, da Marquez ya kutsa ya kayar da Lorenzo, da duniya ta ci namansa ɗanye.

A ganina Marquez bai matsa ba kamar yadda ya saba matsawa. Ko tsoron haɗari ne, ko haushin Rossi, ko duka biyun, kowa na iya zaɓen nasa. Amma daga nan zuwa cewa an zauna an ƙulla wata yarjejeniya tsakanin 'yan Sifaniya, wato Lorenzo da Marquez, tafiya ce mai nisa, kuma ba wanda ya kawo hujjarta.

Ba ƙungiyar Rossi ɗaya da Lorenzo ba? Me ya hana Yamaha ta ce Lorenzo ya ɗaga wa Rossi ƙafa?

Haba malam. Kambun duniya yake nema shi ma, kuma ko wanne ya ci, babur ɗin Yamaha ne.

Ashe ke nan Lorenzo bai cancanta ba?

Wannan tambayar ita ta fi ɓata min rai. Tsere 18 aka yi a shekarar, ya ci bakwai. Marquez biyar, Rossi huɗu, Pedrosa biyu. Rossi ya riƙe saman tebur ne da natsuwa da kuma ƙwarewa idan ruwa ya sauka, kamar yadda ya yi a tseren Silverstone na Ingila, amma a busasshen fili Lorenzo ya fi shi gudu. Kambunsa na uku ke nan a babban aji, bayan 2010 da 2012. Ku so Rossi yadda kuke so, ba sai kun ƙwace wa mutum guminsa ba.

Rossi ya yi abin kunya ne a tseren?

Ko kaɗan, ku kwantar da hankalinku. Yana ɗan shekara 36, ya tashi daga ƙarshen sahu, ya ratsa mutum sama da ashirin kafin a kai rabin tsere. Sai dai lokacin da ya isa na huɗu, na gaba ukun sun yi masa nisa, ya ƙare kusan daƙiƙa 20 a bayan Lorenzo.

Ya samu kambu na goman daga baya?

Bai samu ba. Tara yake da su, na ƙarshe a 2009. A wannan filin na Valencia ya yi tserensa na bankwana a 2021.