Idan Ruwan Sama da Najasa Suka Haɗa Hanya

A tsofaffin birane da dama na Turai da Amurka, bututu guda ne ke kwashe ruwan bayan gida da na wanke-wanke tare da ruwan saman da ke gangarowa daga rufin gidaje da tituna. Ranar da babu hadari, duk abin da ya shiga bututun yakan wuce matata a tace shi kafin a sake shi cikin kogi. Amma da zarar an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai bututun ya cika ya batse, kuma domin kada najasa ta koma cikin gidajen jama'a, maginan farko sun bar ƙofofi da ke amayar da rarar cikin kogi ba tare da an tace ta ba.

Birnin Landan ya daɗe yana fama da wannan. Injiniya Joseph Bazalgette ne ya gina manyan magudanun birnin bayan warin kogin Thames ya hana 'yan majalisa sakat a shekarar 1858, a zamanin da kwalara ta riga ta kashe dubban mutane. Aikin ya yi ƙarko, sai dai an tsara shi ne domin mutum miliyan 4, alhali mazauna birnin a yau sun kusa miliyan 9, kuma filayen da a da suke shanye ruwa kwalta da siminti sun rufe su. Haka ta sa ɗan ruwa kaɗan ma yakan isa magudanun su tumbatsa, har aka ƙiyasta cewa kafin a ɗauki mataki, kimanin tan miliyan 39 na gurɓataccen ruwa ke shiga kogin a shekara.

Da yake tone titunan birnin a raba bututun najasa da na ruwan sama zai ci kuɗi da lokaci fiye da kima, sai aka haƙa wani ƙaton rami mai suna Thames Tideway, mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2, daga Acton a yammacin birnin zuwa Abbey Mills a gabashinsa, yawancinsa a ƙarƙashin kogin. Ramin yana tare rarar ya adana ta har ruwa ya ɗauke, sannan a tura ta matatar Beckton. An fara aikin a 2016, aka kammala haɗa shi a 2025, bayan ya laƙume sama da fam biliyan 4, kuɗin da magidanta ke biya a cikin kuɗin ruwansu.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne ƙwayoyin cutar da ke cikin wannan ruwa, waɗanda ke haddasa amai da gudawa da ciwon hanta da cututtukan fata. Saboda haka a guji wanka ko kamun kifi a irin wannan kogi aƙalla kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi, kuma wanda ya taɓa ruwan ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci. Kada a zuba man girki ko a jefa tsumman goge jarirai a masai, domin su ne suka dunƙule suka zama curi mai nauyin tan 130 da ya toshe magudanar unguwar Whitechapel ta Landan a 2017.

Yawancin garuruwanmu ba su da irin waɗannan bututu, amma haɗarin ɗaya ne, domin akwai masu jiran hadari ya haɗo su saki ruwan shadda cikin kwata, suna ganin ruwan sama zai tafi da shi. Zai tafi da shi, amma zuwa rijiyar maƙwabci ko rafi irin Jakara a Kano, wanda masu lambu ke ban ruwan latas da kabeji da shi. Idan shadda ta cika, a kira masu motar kwashe bahaya tun kafin damina ta kankama, a kuma ɗaga bakin rijiya a rufe ta.