Jijiyar idon kifi idan ta tsinke, ta yaya take gane hanyar gida?

Da gaske ne kifin da jijiyar idonsa ta tsinke yana sake gani?

Da gaske ne. An fi gwada abin a kan kifin ado mai ruwan zinariya da ɗan ƙaramin kifin zebra na yankin Indiya, ba tarwadar da muke saya daga dam ɗin Jibiya ba. Idan aka yanke jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, sai ta sake tofowa, cikin 'yan makonni gani ya dawo.

To, mene ne abin mamaki?

Jijiyar nan ba igiya guda ba ce, dubban silla ne, kowane da mazauninsa a ƙwaƙwalwa. Masanin kimiyya Roger Sperry na Amurka, a shekarun 1940, ya juya idon kwaɗo sama ya koma ƙasa, ya yanke jijiyar. Da ta warke, in ƙuda ya gitta ta sama, sai kwaɗon ya kai cafka ƙasa, kuma bai taɓa gyaruwa ba. Ashe kowane sili tsohon mazauninsa ya koma. A 1963 shi da Domenica Attardi suka cire rabin tantanin gani na idon kifi, suka yanke jijiyar. Da sillan da suka rage suka sake tofowa, sai suka wuce wuraren da babu kowa a ƙwaƙwalwa, ba su tsaya ba sai a nasu.

Me ke nuna musu hanya?

Sinadarai. Kan kowane sili yana lalube yana ɗanɗanar abin da ya taka. A 1995 aka gano cewa wasu sinadarai da ake kira efrin suna da yawa a bayan sashen gani na ƙwaƙwalwa, suna raguwa zuwa gaba, kuma korar sili suke yi. Kamar masu jin ɗumi da hunturu ne: kowa yana tsayawa daidai inda zai iya jure zafin wuta. Sillan da suka fito daga gefen ido na wajen kunne ba su da juriya, sai su tsaya gaba. Na gefen hanci su zarce baya. Sauran gyaran kuma amfani da idon ne ke kammala shi a hankali.

Mutum fa?

Nan ne abin yake sosa mini rai. Tamu jijiyar ba ta tofowa: tabo da wasu sinadarai suna tare ta. Shi ya sa dattijon da hawan jinin ido ya cinye wa gani, ko an kawo shi asibitin ido a Katsina, abin da ya rage kawai likita zai iya tsarewa. An samu an sa jijiyar ɓera ta sake tsiro a ɗakin bincike, amma silla da yawa sun ɓace hanya kafin su isa.