Ma'anar "Startup" a kwamfuta: 'yan sammakon da ba kai ka gayyace su ba

Ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ta zo gida ranar Asabar da laftof ɗinta a jaka, fuska a ɗaure. "Yaya, wannan abar ta tsufa, sai dai a sai da ta a ƙara kuɗi." Na ce ta kunna mu gani. Ta kunna, ta tashi ta ɗora ruwan shayi, ta dawo, har lokacin linzamin yana ta juyi. Da fuskar ta buɗe sai ga Teams ya faɗo, Spotify ya biyo shi, Telegram ya leƙo, can ƙasa wajen agogo kuma ƙananan alamomi sun yi layi kamar masu jiran awo. Ba ta taɓa ko ɗaya ba. Su suka kawo kansu.

Waɗannan su ake nufi idan mai gyara ya ce maka "Startup ɗinka ya cika". Kalmar Turanci ce mai nufin tashi ko farawa, a kwamfuta kuwa tana nufin jerin manhajojin da aka ba izinin su tashi da kansu da zarar ka kunna na'ura ka shiga. Ni 'yan sammako nake ce musu. Kada a haɗa da ɗaya ma'anar da matasa ke yawan faɗa a tarukan fasaha, wato sabon ƙaramin kamfani mai neman jari. Kalma ɗaya ce, amma hanyar jirgi daban ta mota daban.

Yaya aka yi suka shiga jerin? Yawanci ranar da kake saka manhaja ne. Akwai ɗan akwati da aka riga aka yi wa alama, mai cewa a bar ta ta riƙa tashi tare da Windows, mu kuma mun saba da danna "Next" ba karatu har a kai ƙarshe. Wasu ma ba sa tambaya. Ga kuma halin masu sayar da laftof 'yar gwanjo, waɗanda ke cika ta da manhajoji ashirin a matsayin gyara, don mai saye ya ji ya ci riba. Kowace manhaja a jerin nan tana cin rabonta na ma'adanar wucin gadi da ake kira RAM, tana kuma jan faifan ajiya a daidai lokacin da Windows ke neman sa. Laftof mai RAM gig 4 da tsohon faifai mai juyawa ba za ta iya da wannan turereniya ba. Ga cin batir, ga masu shan data a ɓoye da sunan sabunta kansu, abin da ya fi ci wa ɗalibi rai ke nan idan da wayarsa yake ba kwamfutar intanet.

Wurin da ake ganin su ba ɓoyayye ba ne. Danna Ctrl da Shift da Esc a tare, "Task Manager" zai buɗe. A Windows 10 ka nemi shafin "Startup" a sama, in taga ta fito ƙarama ka fara danna "More details". A sabon fasalin Windows 11 yana gefen hagu da sunan "Startup apps". Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, aka dawo da jerin nan wurin. Waɗanda suka yi zamanin XP da Windows 7 a shagunan buga takardu za su tuna da rubuta msconfig. Akwai wata hanyar ta "Settings", sai "Apps", sai "Startup", inda kowace manhaja ke da makunni kamar na fitila.

Abin da na fi so mutane su kalla shi ne layin "Startup impact", wato nauyin da kowace ke ɗora wa na'ura. Ba da ka Windows ke yanke hukuncin ba, aunawa take yi. Wadda ta riƙe ƙwaƙwalwar na'ura, wato CPU, fiye da daƙiƙa 1, ko ta ja fiye da megabait 3 a faifai lokacin tashi, ita ce "High". Wadda ba ta kai kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa ba, ba ta kuma ja kilobait 300 ba, "Low" ce. Na tsakani "Medium". Da masu "High" ake farawa. Ka zaɓi sunan, ka danna "Disable".

Nan ƙanwata ta riƙe mini hannu. "Yaya, kar ka goge mini Telegram, can ake turo mana darasi!" Wannan tsoron shi ke hana mutane da yawa taɓa jerin, alhali "Disable" ba gogewa ba ce. Manhajar tana nan, saƙonninta suna nan, an dai ce mata ta zauna sai an kira ta. Ran da kake so ka danna ta ta buɗe kamar kullum, in ka canza shawara kuma ka koma ka danna "Enable". Gogewa gaba ɗaya aikin "Uninstall" ne, shi kuwa wani wuri ne daban.

Sai dai ba kowa ake kora ba. Ka bar manhajar tsaro, ka bar masu kula da sauti irin Realtek, da na wurin da ake shafa yatsa a motsa linzami irin Synaptics. Mai dogaro da OneDrive ko Google Drive wajen adana aikinsa ya sani in ya kashe su, fayilolinsa ba za su hau da kansu ba sai ya buɗe. Sunan da ba ka gane ba, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi "Search online" kafin ka yanke masa hukunci.

Hausawa sun ce in ka yi sammako, wani a tafe ya kwana. Akwai masu tashi da ba sa bayyana a wannan jerin sam, sun laɓe cikin ayyukan bayan fage da na jadawali, nan ne ma ƙwayoyin cutar da ake kwasowa a filashi ke son fakewa. Masu gyara na tono su da Autoruns, manhajar kyauta ta Sysinternals, shafin intanet da Microsoft ta saya a 2006. Ban ba wanda bai ƙware ba shawarar ya yi ta cire alamomi a cikinta.

Mun kashe bakwai a laftof ɗin, muka sake kunnawa. Ta tashi kafin ƙanwata ta gama zuba sukari. Ban ɓoye mata ba, faifanta mai juyawa ne, in tana son gudu na gaske sai ta tara kuɗin SSD, sabon nau'in faifan ajiya marar juyawa. Na kuma ce ta riƙa leƙa jerin duk bayan wata biyu, domin wasu manhajojin in sun sabunta kansu sukan koma layi ba sallama. Ta ce to, ta ɗauki jakarta, maganar sayarwa dai ba ta sake tasowa ba.