Idan gwiwa ta ƙage bayan aikin sauya ta: tambayoyi da amsoshi

Mutanenmu na Maradi da ciwon gwiwa ya hana sakat suna zuwa Yamai, Kano, Tunisiya ko Indiya domin a sa musu gwiwar ƙarfe da roba. Mafi yawansu suna samun sauƙi, amma akwai waɗanda ke dawowa gida gwiwar ta ƙi naɗewa ko ta ƙi miƙewa.

Me ke sa gwiwa ta ƙage alhali an ce aiki ya yi kyau?

Duk inda aka yanka, jiki yana haɗe wurin da wani nama mai tauri, wato tabo. Na fata shi ake gani, amma akwai na ciki, kuma a jikin wasu yakan yi yawa har ya manne ƙoƙon gwiwa da jijiyoyin da ke kewaye da shi. Abin ya fi samun wanda gwiwarsa ta daɗe a ƙage tun kafin aiki, da mai ciwon sukari, da wanda aka taɓa yi wa tiyata a gwiwar. Kafin a ɗora laifi a kan tabo, wajibi ne likita ya auna jini ya ɗauki hoto, domin ƙwayoyin cuta ko rashin daidaituwar ƙarfen su ma suna kawo ƙagewa.

Yaya ake gane cewa naɗewar ta gaza?

Ana auna ta da digiri. Tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa tana buƙatar kamar 65, tashi daga kujera kuwa wajen 90 zuwa sama, kuma yawancin waɗanda suka warke sosai suna kai 110 zuwa 120. Idan mako 6 ya cika gwiwa ba ta kai 90 ba, a koma wurin likita ba tare da jinkiri ba.

Ashe hutawa ba ta fi wa wanda aka yi wa aikin ba?

A nan ne tausayinmu yake cutar da shi. Dattijo ya dawo daga tafiya, an shimfiɗa masa katifa, masu zuwa sannu sun cika ɗaki, ƴaƴansa suna cewa: «Baba, kada ka motsa, bari mu miƙo maka.» A waɗannan makonnin ne tabon ke yin ƙwari, kuma watanni 3 na farko su ne lokacin da yake da sauran laushin da za a iya sarrafa shi. Dole a riƙa zuwa wurin mai kine, wato ma'aikacin lafiya mai motsa gaɓoɓi, a kuma maimaita motsin a gida sau da yawa a yini: a kwanta a jawo diddige zuwa jiki a hankali, a zauna a kujera a riƙa tura ƙafar zuwa baya. A sha maganin zafi da likita ya rubuta kafin a fara, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma na minti 15 zuwa 20 bayan an gama.

Miƙewa ma ba abar wasa ba ce, a ganina ta fi naɗewa wuyar dawowa idan ta kuɓuce. Kada a sa matashi ƙarƙashin gwiwa, duk da daɗin da hakan ke yi. Ƙarƙashin diddige ake sa shi, a bar gwiwar ta sauka da nauyinta.

Idan motsi bai wadatar ba fa?

Likita zai iya yi wa mutum allurar barci ya naɗe gwiwar da hannunsa har tabon ya tsinke, ba tare da yanka ba. Wannan ya fi amfani kafin mako 12. Bayan haka sai dai a shiga da kyamara ta ƴan ƙananan ƙofofi a yanke tabon, ko a sake aikin idan ƙarfen ne matsalar.

A kai wa mai ɗori ya ja ta, ko a yi ƙaho?

A'a. Jan gwiwa da ƙarfi mutum yana farke zai iya karya ƙashi ko ya tsinka jijiya, tsaga da ƙaho kuma hanya ce da ƙwayoyin cuta za su bi su kai ga ƙarfen.

Salla da zaman tabarma fa?

Zaman tahiya da tsuguno suna neman naɗewar da yawancin gwiwoyin ƙarfe ba sa kaiwa, ko da an warke lafiya. Addini ya yi sauƙi ga mai larura ya yi salla a zaune. A tanadi kujera mai tsayi, a kuma sa mazauni a kan masai.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Idan zazzaɓi ya zo, ko wurin ɗinki ya yi zafi yana fitar da ruwa, ko sha-raɓa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya fara sarƙewa, a tafi a ranar, ko da cikin dare ne.