Firjin Rigakafi Mai Aiki da Hasken Rana

Firjin rigakafi mai aiki da hasken rana na'ura ce ta adana alluran rigakafi a sanyin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyas, a asibitocin da ba su da tsayayyar wutar lantarki. Nau'in da aka fi sakawa yanzu ba shi da batir.

Tarihi

A da, asibitocin karkara sun dogara da firji mai cin kananzir ko gas. Na kananzir sai an riƙa gyara masa lagwani, ga hayaƙi, sanyinsa kuma yau sama gobe ƙasa. Firjin sola na farko ya fara yaɗuwa wajen shekarun 1980, yana tara wuta a batirin dalma. Zafi kan kashe batirin cikin 'yan shekaru, wani lokacin ma a ɗauke shi a yi wata hidimar, firjin ya tsaya. Mataccen batirin da aka yar kuwa dalmarsa guba ce ga ƙasa da ruwa.

Shirin SolarChill, wanda ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace da UNICEF da Hukumar Lafiya ta Duniya suke ciki, ya tashi a farkon shekarun 2000 don kawar da batirin. Hukumar ta amince da samfurin farko wajen 2010.

Yadda yake aiki

Faifan sola haɗe yake kai tsaye da kwamfaresa, wato na'urar da ke samar da sanyi a firjin. Da rana takan daskarar da ruwan da ke jikin firjin, ƙanƙarar ce kuma ke riƙe sanyi da dare da ranakun hadari. Iskar sanyayawarsa galibi R600a ce, wadda ba ta lalata rufin ozon, wato iskar sararin samaniya da ke tare hasken rana mai cutarwa.

Lura da sanyi

Ana ajiye ƙaramar na'urar dijital mai auna sanyi a tsakiyar magungunan, mai riƙe bayanan kwana 30. Takan nuna gargaɗi idan zafi ya wuce digiri 8 na awa 10 a jere, ko sanyi ya sauka ƙasa da -0.5 na awa ɗaya. Wasu suna da layin waya, suna tura saƙo ga jami'in da ke nesa, sai a rage zirga-zirgar mota da asarar magani.

Daskarewa ita ce ɓarnar da ke ɓoye. Allurar Penta (mai rigakafin cututtuka biyar) da ta ciwon hanta nau'in B da ta sarƙewar haƙora, da zarar sun daskare ƙarfinsu ya tafi, ko da sun narke. Ana gane hakan da gwajin girgiza: kwalbar da ta taɓa daskarewa, garin maganin da ke cikinta kan kwanta ƙasa da sauri bayan an girgiza ta.

Kulawa

Ƙurar hunturu da inuwar bishiya suna rage wutar faifan. Ana wanke shi da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, kafin ya ɗauki zafi.